Wane Itace Ya Dace da Murhu a Damagaram?

Hausawa na cewa itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a murhu busasshe ake nema. Reshen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wutar sai ta fara ƙafar da wannan ruwa kafin ta dumama tukunya, shi ya sa ɗanyen itace ke tsuwa, yana turnuƙe madafa da hayaƙi. Busasshe kuwa bai da nauyi, bakinsa a tsattsage yake, in aka gwara biyu sai a ji ƙara garau.

Itatuwa ma ba ɗaya suke ba. Aduwa da bagaruwa da marke masu tauri ne, suna daɗewa suna ci, su bar garwashi, don haka su suka dace da tuwon gidan yawa ko ruwan wankan jego. Ƙirya ita ce gawayin maƙera. Sabara da geza na kama wuta da sauri, sun isa kunun safe. Tumfafiya da karan gero sai dai a kan tilas: bal-bal ɗaya, sai toka.

Abin da ya fi haɗari shi ne hura wuta da leda, ko tsohon takalmin roba, ko katako mai fenti. Hayaƙinsu na ɗauke da guba, kuma mai girki da yaron da ke goye a bayanta ne ke fara shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Lokacin ɗari kuma, kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe yana fitar da iskar da ba ta da launi ko wari, ta kashe mai barci bai farka ba.

Sai batun inda itacen ya fito. Tarihin baka na cewa sarakunan Damagaram sun hana saran gawo, da hukunci mai tsanani. Tun shekarun 1980, manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka riƙa barin tohon gawo ya girma a gonakinsu, suna sassabe rassa maimakon kayar da bishiyar. Reshen sassabe, in ya sha rana, yana dafa abinci, gona kuma ba ta rasa takin da gawo ke ba ta.

Matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a arewacin Zinder a 2011, tana samar da gas na girki, sai dai kuɗin tukunyar gas ta farko ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Kafin kowa ya kai can, murhun da ake kira Mai Sauƙi na rage cin itace, girki a sarari kuma na rage shaƙar hayaƙi. Mai sayen dami ya ɗaga ya ji nauyinsa tukuna, kada ya biya kuɗin ruwa ya kai wa iyalinsa tari.