RAHOTON MUSAMMAN: Yadda rajista mai sabunta kanta ke zurare albashin ma'aikata a Jalingo, da hanyar karɓo kuɗin

Ranar da albashi ya sauka ba ta ɓuya a Jalingo. Layi kan miƙe a gaban bankunan da ke titin Hammaruwa, masu POS su yi ta ƙirga, masu bin bashi kuma su fara kiran waya. Sai dai akwai wani mai karɓar kaso da ba ya bin layi, ba ya kuma sallama. Shi ne rajistar mujalla, ko jarida, ko wata manhaja da ma'aikaci ya taɓa yi da katin bankinsa, ya manta da ita, ita kuwa ba ta manta da shi ba.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Kamfani zai yi tayin karatu kyauta na mako guda, ko wata uku a kan farashi mai rahusa, bisa sharaɗin a shigar da lambar kati. A cikin ƙa'idojin da ba kowa ke karantawa ba, an rubuta cewa idan wa'adin ya cika, rajistar za ta sabunta kanta a kan cikakken farashi. Daga nan shirun mai kati ya zama amincewa, har ranar da ya buɗe baki.

Waɗanda abin ya fi shafa

Ma'aikatan tarayya da ke Jalingo na cikin waɗanda wannan tarko ya fi dacewa da su. Birnin, wanda ya zama hedikwatar Jihar Taraba a 1991, yana da nisa da Abuja da Legas, saboda haka mai son manyan mujallun duniya irin su The Economist a waya yake karanta su. Likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya zai yi rajistar mujallar fanninsa domin wata jarrabawa, ya gama jarrabawar, cirar kuɗin ta ci gaba. Hadimin wani babba zai buɗe wa maigidansa rajistar jarida da katinsa na kansa, maigidan ya bar kujera, rajistar ta zauna daram a asusun hadimi.

Faɗuwar darajar naira ta ƙara wa lamarin nauyi. Rajistar dala 10 a wata ta kama kimanin naira 4,600 a farkon 2023, lokacin da farashin gwamnati yake wajen naira 460. Bayan an saki naira a Yunin shekarar, dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan rajista ta koma kusan naira 15,000. Adadin ya zarce kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024.

Akwai kuma wani sauyi. Bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira wajen biya a ƙasashen waje tun daga 2022, abin da ya sa cirar irin wannan kuɗi ta daina wucewa. A Yulin 2025 wasu bankunan, ciki har da GTBank da UBA, sun sake buɗe ƙofar. Duk rajistar da ba a soke ba, aka dai bar ta saboda kati ya ƙi biya, ta cancanci a sake duba ta.

A soke ta inda aka ƙulla ta

Babban kuskuren da ake yi shi ne goge manhaja daga waya da zaton an rabu da ita. Gogewa ba sokewa ba ce. Wanda ya yi rajista ta Google Play, can zai shiga sashen biyan kuɗi da rajista ya soke. Mai iPhone zai shiga saitin asusunsa na Apple, kuma kamfanin na shawartar a soke tayin gwaji aƙalla awa 24 kafin ya ƙare. Wanda ya yi rajista kai-tsaye a shafin mujallar, sai ya koma shafin ko ya aika imel, ya kuma adana amsar da aka ba shi.

A galibin lokuta sokewa na tsayar da cira ta gaba ne kawai, ba ta dawo da wadda ta wuce. Neman a mayar da kuɗi mataki ne dabam, kuma hanzari ne jarinsa. Google kan duba irin wannan buƙata idan an shigar da ita cikin awa 48, bayan haka sai a koma ga mai manhajar. Apple ma yana da shafin kai ƙorafi na musamman. A bayyana ranar cirar, da adadin, da dalilin, a haɗa da hoton alat da rasit.

Idan kamfani ya ci gaba da cira bayan an soke, sai a rubuta wa banki ƙorafi, a karɓi lambar bibiya, a nemi ya ƙalubalanci cirar, idan ta kama a toshe katin a sauya wani. Tsarin Babban Bankin Najeriya, CBN, shi ne a ba banki mako biyu a yawancin ƙorafe-ƙorafe. In ya gaza, sai a ɗaukaka maganar zuwa Sashen Kare Abokan Hulɗa na CBN. Haka nan Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta FCCPC, wadda aka kafa da dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, tana karɓar ƙorafi ta intanet. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar hawa mota zuwa Abuja.

Ƙanensa da ke cikin layin waya

Wannan tarko yana da ƙane na gida, wanda ya fi shi yawan kamu: labarai, da waƙar kira, da sakamakon ƙwallo da ake cire wa kuɗinsu daga katin waya kullum ko mako-mako. A 2018 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su daina sanya mutane cikin irin wannan rajista, ko sabunta ta, ba tare da amincewarsu ba. Bayan daidaita lambobi da aka yi a 2023, lambar 305 ce ta dakatar da waɗannan hidimomi a kowane layi. Aika STOP zuwa 2442 na toshe saƙonnin talla, lambar 622 kuwa ta kai ƙara ce ga hukumar, kyauta, idan kamfani ya ƙi sauraro. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ƙananan cire-ciren nan sun daina zama abin rainawa.

Ba a Najeriya kaɗai ba

Ko a Amurka ana fama. Hukumar kasuwancin ƙasar, FTC, ta fitar da ƙa'ida a Oktoban 2024 cewa sokewa ta zama da sauƙi kamar shiga, amma wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Yulin 2025. Duk da haka, a Satumban 2025 kamfanin Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 kan zargin sanya mutane cikin tsarinsa na Prime da wahalar da su wajen fita, dala biliyan 1.5 daga ciki na masu rajistar ne.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ma'aikacin da ya ware minti goma a ƙarshen wata ya karanta bayanan asusunsa layi-layi, ya raba katin albashi da katin sayayyar intanet, ya kuma sa wa wayarsa tuni kwana biyu kafin tayin gwaji ya ƙare, ya rufe ƙofar tun kafin a shigo. Hadimin da zai yi wa ofis rajista kuwa, ya tabbata da katin ofis aka yi ta, kuma ta shiga takardar miƙa aiki ranar da zai tafi.