Billy Frank da Yaƙin Kifi a Kogin Nisqually

A shekarar 1945 jami'an jihar Washington da ke arewa maso yammacin Amurka suka damƙe wani yaro ɗan shekara 14 a bakin kogin Nisqually, bisa laifin kafa taru. Sunansa Billy Frank Jr., ɗan ƙabilar Nisqually. Wannan ne kamu na farko cikin fiye da 50 da aka yi masa a rayuwarsa, duk a kan kifi.

Rigimar ta samo asali tun 1854, lokacin da Gwamna Isaac Stevens ya ƙulla yarjejeniyar Medicine Creek da ƙabilun Nisqually da Puyallup da maƙwabtansu. 'Yan asalin ƙasar suka sallama fili fiye da eka miliyan 2, amma dattawansu suka kafe a kan sharaɗin za su ci gaba da kamun kifi a duk wuraren da suka saba, tare da baƙin da suka zo. Gwamna ya amince, don a lokacin kifi ya fi ƙarfin masu kama shi.

Kifin da ake magana shi ne salmon. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru, sannan ya dawo kogin da aka haife shi ya zuba ƙwai. Da shi gidajen nan ke dogaro: a ci sabo, a yi bandar saura don watannin sanyi. Har biki suke yi wa kifin farko da aka kama a shekara.

Da tafiya ta yi tafiya, kamfanonin kifin gwangwani suka cika gaɓa, aka datse koguna, aka sare dazuzzuka, kifi ya ja baya. Wa za a ɗora wa laifi? Sai aka nuna masuntan ƙabilu, waɗanda rabonsu bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da ake kamawa ba. Manyan jiragen teku sun riga sun kwashe kifin tun bai shigo kogi ba, amma tarun talaka ne ido ke gani.

A shekarun 1960 Frank da mata irin su Janet McCloud suka fito da dabara: su jefa taru a bainar jama'a, 'yan jarida na kallo, su jira a zo a kama su. Ana ƙwace musu kwale-kwale, ana dukansu da kulki, su fito daga kurkuku su koma ruwa. A 1964 aka kama ɗan wasan fim Marlon Brando yana taya su a kogin Puyallup, labari ya bazu. A watan Satumba na 1970 'yan sanda suka afka wa wani sansaninsu da barkonon tsohuwa, kuma cikin watan ne gwamnatin tarayya ta maka jihar a kotu.

Ranar 12 ga Fabrairu, 1974, Alƙali George Boldt ya yanke hukunci cewa ƙabilun na da haƙƙin rabin kifin da za a iya kamawa, kuma da su za a riƙa tafiyar da harkar. Hujjarsa ita ce haƙƙin kamun kifi dama nasu ne tun fil azal. Abin da suka yi a 1854 shi ne ba wa baƙi kaso. Masuntan kasuwa suka fusata, har suna rataye mutum-mutumin alƙalin, jihar kuma ta yi ta jan ƙafa sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 1979.

A nan ne ma aka ga ainihin shugabancin Frank. Ya gane cewa rabin babu, babu ne. Sama da shekara 30 yana jagorantar hukumar kamun kifi ta ƙabilun yankin, mai mambobi 20, yana zama teburi ɗaya da masu sarar katako da jami'an da suka sha ɗaure shi. Ƙabilun suka ɗauki masana kimiyya aiki, suka kafa wuraren ƙyanƙyasar kifi. A 2009 aka rushe shingen da ya tare ruwan teku a bakin kogin Nisqually, fiye da eka 700 suka koma wurin renon ƙananan kifaye.

Frank ya rasu a 2014. Shekara guda bayan haka Shugaba Obama ya karrama shi da lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula.

Shari'a dai ba ta ƙare da shi ba. Tun 2001 ƙabilun suka kai ƙara kan kwalbatocin da ke ƙarƙashin titunan jiha, masu hana kifi hawa zuwa inda zai zuba ƙwai. A 2013 kotu ta umarci a gyara su, kuma a 2018 alƙalan Kotun Ƙoli suka yi kunnen doki, 4 da 4, don haka umarnin ya tsaya. Aikin na cin biliyoyin daloli, kuma wa'adin da aka ɗibar wa jihar zai cika a 2030.