Kamun Kai Ba Na 'Yan Mata Kaɗai Ba Ne

Da an ce "mai kamun kai", hankalin yawancin mutane kan budurwa yake tafiya, wadda ba ta yawon gidaje, ba ta tsayuwar banza da samari. Ma'anar ba kuskure ba ce, sai dai an ƙuntata kalmar har ta koma abin da ake bincika wajen mace kaɗai idan an zo neman aure. Ginin kalmar bai yarda da haka ba. Kamu ne, irin wanda ake yi wa abin da ke neman kuɓucewa, kuma duk wanda ya ga yadda ake riƙe bijimi a kasuwar shanu ta Maigatari ranar Alhamis ya san ba a ɗaura igiya sai ga mai ƙarfi. Kishiyar kamu saki ce, shi ya sa ake cewa wane ya saki baki, a kwaɓe shi a ce ya kama bakinsa.

A nan kalmar ta rabu da 'yan uwanta. Haƙuri ana yin sa ne kan abin da ya faɗo wa mutum, kamar fari ko rashi. Kunya tana bukatar idon jama'a. Kawaici kuwa kawar da kai ne daga laifin wani. Kamun kai sai ga wanda yake da hali, ga dama, babu mai hana shi, amma ya tsaya. Lokacin da masani Anthony Kirk-Greene ya jera halayen mutumin kirki a 1974, ya kawo haƙuri da kunya da hankali da sauransu, bai ware wa kamun kai gurbi ba. A ganina gurbin ya cancanta, domin mai kunya yana iya sakin jiki da zarar ya bar garinsu.

Inda ake gane kalmar sosai shi ne kaka. Manomin riɗi ko zoɓo a Gagarawa Tasha yakan riƙe kuɗin shekara guda cikin 'yan makonni, daidai lokacin da bukukuwa ke kankama, sabon babur na kiransa, maganar ƙarin aure na tasowa. Wanda ya bar gero a rumbu domin bazara, sa'ad da farashi kan tashi, shi ma mai kamun kai ne, ko da yake ba kasafai ake kiransa haka ba. Wani zai ce wannan ai rowa ce aka yi wa kwalliya. A'a. Marowaci ma bai kama kansa ba, son dukiya ne ya kama shi. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi mai ciyarwa da ya tsaya tsakanin almubazzaranci da ƙwauro.

Sukar da ta fi nauyi ita ce, da irin waɗannan kalmomi ake rufe wa talaka baki. Akwai gaskiya a ciki. Manomin da ya kai amfaninsa kasuwa tun da ɗanyensa domin biyan bashin taki ba a ce ya rasa kamun kai, tilas ce ta kore shi. Amma wannan yana tabbatar da ma'anar ne: tunda kalmar ta mai iko ce, wanda ya fi cancanta a auna da ita shi ne dillalin da zai iya danne mudu, da mai unguwar da ake kawo wa rikicin iyakar gona, da makiyayin da ya iske shuka ba mai gadi.