Wa Ke Auna Ruwan Adjengré?

Wanda ya taso daga Lome ya kama babbar hanyar arewa, wadda manyan motocin Burkina Faso da Nijar ke bi dare da rana, zai wuce Atakpame da Sotouboua kafin ya iso Adjengré. Daga nan sai Sokode, sai Kara da Mango, har Dapaong da ke dab da iyaka, tafiyar fiye da kilomita 600. A wannan tafiya ɗaya zai ratsa yanayi iri biyu. Kudancin Togo damina biyu yake yi a shekara, da ɗan tsaiko a watan Agusta. Daga tsakiyar ƙasar zuwa arewa kuwa damina ɗaya ce, kuma tana ƙara gajarta yayin da ake matsawa wajen Dapaong. Abin da kan ba baƙo mamaki shi ne Lome, duk da tana bakin teku, ruwan da take samu a yawancin shekaru ba ya kai milimita 1,000, alhali Sokode da ke can cikin ƙasa tana samun wajen 1,300 ko fiye.

Waɗannan alƙaluma ba daga sama suka faɗo ba. Mutane ne suka tara su, safiya bayan safiya, shekara da shekaru. Hukumar hasashen yanayi ta Togo, wadda yanzu ake kira ANAMET, tana da manyan tashoshi masu ma'aikata a garuruwa irin su Lome da Atakpame da Sokode da Kara da Niamtougou da Mango da Dapaong. Amma tashoshin nan 'yan kaɗan ne. Tun zamanin Turawan mulki, a Togo da sauran ƙasashen da Faransa ta raina, cikon aikin yana hannun ƙananan wuraren auna ruwa da aka danƙa wa mutanen da ba wannan ne aikinsu na albashi ba: malaman makaranta, malaman gona, ma'aikatan mishan, wani lokaci manoma. Abin da a yau ake yayatawa a Turai da Amurka a matsayin sabon salo, wai a sa talakawa cikin binciken kimiyya, mu a nan ya daɗe yana tafiya, sai dai ba a cika ambaton masu yin sa ba.

Aikin kansa ba shi da wuya. Ma'aunin ruwan sama mazubi ne mai baki a buɗe, a kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo, a daidaita shi kada ya karkace. Kowace safiya, a lokaci ɗaya, mai lura zai duba ruwan da ya taru, ya karanta milimita nawa ne, ya rubuta, ya zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai ya rubuta sifili, domin ranar da aka bar gurbinta fayau ba wanda zai san ko ruwa ne bai sauka ba ko mai aunawa ne ya tafi kasuwa. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a kan hekta guda. Idan aka ce an yi milimita 20 daren jiya, an zuba wa hektar doya lita 200,000 ke nan.

Me ya sa tashar Sokode ba za ta wadatar da manomin Adjengré ba, tunda tsakaninsu bai kai tafiyar sa'a ɗaya a mota ba? Kowane manomi ya san amsar kafin masana su tabbatar da ita. Ruwan yankinmu na hadari ne, yakan juye a gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun baza ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai don su gwada wannan, suka tarar da cewa a damina ɗaya ƙauyuka biyu da ba su da nisa da juna kan bambanta ƙwarai a jimillar ruwansu. Saboda haka lambar da aka karanta a filin tashar gwamnati gaskiya ce a kan filin tashar, amma ba lallai ta zama gaskiya a kan gonar masara ko ta auduga da ke bayan tudu ba.

Wasu za su ce ai yanzu akwai tauraron ɗan'adam. Akwai, kuma yana da amfani matuƙa. Sai dai yawancin ƙididdigar ruwa da ake yi wa Afirka daga sama ba ruwan ake gani kai tsaye ba. Sanyin saman gajimare ake aunawa, a ce wanda ya yi tsawo ya yi sanyi sosai shi ne mai zubar da ruwa, sannan a gwada wannan ƙiyasi da abin da ma'aunai na ƙasa suka nuna a gyara shi. Inda ma'aunan ƙasa suka yi ƙaranci, gyaran ma ya raunana. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin yanzu inshorar fari da ake sayar wa gwamnatoci da manoma da irin waɗannan alƙaluma take yanke hukuncin ko za a biya ko ba za a biya ba. Lambar da ba ta dace da ƙasa ba tana iya hana gari guda diyyar da ya cancanta.

Mali ta gane amfanin ma'aunin ƙauye da wuri. A 1982, bayan wahalar farin shekarun 1970, hukumar yanayin ƙasar ta fara wani shiri tare da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, aka raba wa manoma ma'aunai masu sauƙi, aka koya musu karantawa. Hikimar shirin ita ce ba karɓa kawai gwamnati ke yi ba. Ana haɗa ma'aunin da jadawalin shawara: idan ruwan da ka auna ya kai kaza a cikin kwanaki kaza, a wannan lokaci na shekara, to ka shuka irin kaza. Masana a Nijar ma sun fitar da ƙa'ida makamanciyar wannan don gane ruwan shuka na gaskiya, wato a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da ruwa ya ɗauke fiye da mako guda a watan da ya biyo baya ba. Duk wanda ya taɓa asarar iri saboda ruɗin ruwan farko ya san darajar wannan lissafi.

A Togo kanta misalin da ya fi fitowa fili yana kan kogin Mono, wanda ya faro daga tsaunukan da ke kusa da Sokode ya gangara kudu har teku. A kansa aka gina madatsar Nangbeto, da aka kammala a 1987, wadda kamfanin lantarki na haɗin gwiwar gwamnatocin Togo da Benin ke gudanarwa. Idan madatsar ta cika dole a saki ruwa, ƙauyukan da ke ƙasa da ita kuma su ke kwana a ciki. Ƙungiyar Red Cross ta Togo ta kafa turaku masu launi a gaɓar koguna, 'yan sa-kai na ƙauyuka suna duba inda ruwa ya kai su sanar da jama'a. Daga baya aka ƙirƙiro wata manhaja mai suna FUNES: 'yan sa-kai da ke sama da madatsar suna auna ruwan sama su aika ta saƙon waya, ma'aikatan madatsar su shigar da nasu alƙaluman, manhajar ta ƙiyasta yaushe ruwa zai yi yawa. A daminar 2016 an yi aiki da wannan gargaɗi, aka yi shela a rediyo, aka kai wa mutanen gangare kayan tsabtace ruwan sha tun ambaliya ba ta iso ba. A nan saƙon ɗan sa-kai na ƙauye ya shiga lissafin wata ma'aikata ta gwamnatoci biyu, kuma ruwan da ya sauka a tsakiyar ƙasa ya zama labarin da ke ceton dukiyar mutumin kudu.

Sai batun teku, wanda mai karatu a Dapaong zai iya ɗauka bai shafe shi ba. Ya shafe shi fiye da yadda yake zato. Iskar da ke kawo mana damina daga Tekun Atlantika take ɗauko laima. Tsakanin Yuli da Satumba ruwan sanyi kan taso daga ƙarƙashin teku a gaɓar Ghana da Togo da Benin, ya sanyaya iskar bakin teku, ya hana hadari haɗuwa a can, yayin da ruwa ke zuba a arewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Lome ba ta kai Sokode ruwa ba. Ɗan canjin zafi a saman teku yana iya tura layin damina arewa ko ya riƙe shi a kudu.

Yadda aka gano wannan alaƙa shi ne, a ganina, babban abin da aikin sa-kai ya yi wa mutanen Sahel. Lokacin da fari ya gallabi yankin a shekarun 1970 da 1980, ra'ayin da ya yi ƙarfi shi ne laifin mutanen wurin ne. A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo bayanin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, za ta riƙa mayar da hasken rana sama, hakan kuma ya rage ruwa. Da yawa suka ɗauki wannan suka ɗora wa makiyayi da mai saran itace alhakin bushewar sama. A 1986 wasu masana uku na hukumar yanayin Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka jera tarihin ruwan Sahel kusa da tarihin zafin tekunan duniya, suka ga shekarun fari suna tafiya tare da lokacin da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙarfafa wannan da lissafin kwamfuta. Lalacewar ƙasa tana da nata tasiri, amma babban mai juya al'amarin teku ne.

To daga ina aka samo tarihin zafin teku na fiye da shekara ɗari? Daga matuƙan jiragen kasuwanci. Tun taron da aka yi a Brussels a 1853 ƙasashe suka amince jiragen ruwa su riƙa rubuta yanayin da suka tarar a hanya bisa tsari ɗaya. Ma'aikacin jirgi ya jefa guga ya ɗebo ruwa, ya tsoma ma'aunin zafi, ya rubuta a littafin jirgi, ba don an biya shi a kan haka ba. Har yau tsarin yana nan ƙarƙashin hukumar yanayi ta duniya. Ashe rubutun matuƙi a tsakiyar Atlantika da rubutun malamin ƙauye a Sahel ne suka haɗu suka sauke wa Bafulatani wani kaso na laifin da aka ɗora masa.

Ƙasashe masu arziki ma ba su raina wannan hanya ba. Amurka tana da rundunar masu auna yanayi na sa-kai tun 1890, dubbai ne har yanzu. A Ingila, lokacin kullen korona na 2020, mutane wajen 16,000 suka kwafe tsofaffin takardun ruwan sama zuwa kwamfuta, alƙaluma fiye da miliyan biyar cikin kwana 16, hukumar yanayin ƙasar kuma ta shigar da su kundinta na hukuma.

Ba na cewa aikin sa-kai ba shi da aibi. Mazubi kan tsage a rana ba a sauya ba. Bishiyar da aka dasa kusa da shi kan girma ta tare ruwa. Mai aunawa kan yi tafiya ya dawo ya cike kwanakin da ka. Malamin makaranta kan samu canjin wurin aiki a tsakiyar damina, littafin ya tsaya a nan. Duk waɗannan suna da magani, kuma maganin yana hannun hukuma: a riƙa kai ziyara, a gwada alƙaluman maƙwabtan wurare da juna, a sauya kayan da suka lalace, a biya kuɗin katin waya. Inda na fi jin ciwo shi ne gwamnati ta ɗauki ɗan sa-kai a matsayin hanyar gudun ɗaukar ma'aikaci. Ba zai maye gurbin tashar Sokode ko ta Dapaong ba, da su ake auna sahihancin nasa aikin.

Wani haƙƙin ɗan sa-kai kuma shi ne a dawo masa da amfanin abin da ya bayar. Da abokin daka ake shan gari. Mutumin da ya shekara biyar yana aika lamba Lome ya cancanci a ce masa ga abin da lambobinka suka nuna, ga lokacin da damina ta saba kamawa a garinku, ga yadda take sauyawa. Kuma a faɗa masa da harshen da yake ji: Tem ko Kabiye a Sokode da Adjengré, Moba a Dapaong, Fulatanci ga makiyaya, Hausa a zango.

Mu mutanen zango muna da wurin shiga a nan. Kakanninmu sun zauna a Sokode da Mango ne saboda hanyar fataken goro zuwa Gwanja, kuma har gobe cinikin hatsi da na shanu da ke hannun 'yan'uwanmu damina ce ke yanka masa farashi. Muna da makarantun islamiyya masu fili, muna da mutanen da ba sa fashin tashi da asuba, muna da matasa riƙe da waya. Kwamitin masallaci ko ƙungiyar 'yan kasuwa na iya neman hukumar yanayi ta kafa musu ma'auni ta koya wa mutum biyu, domin in ɗaya ya yi tafiya ɗaya ya riƙe littafin.

Buƙatar ta fi tsanani a arewa mai nisa. A watan Yunin 2022 aka sa yankin Savanes, inda Dapaong take, ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren da ke tsallakowa daga iyakar Burkina Faso, kuma zirga-zirgar jami'ai zuwa wasu ƙauyuka ta yi wuya. Nan ne kuma damina ta fi gajarta, inda jinkirin mako biyu ke raba manomin gero da cikar rumbu. Duk daminar da ta wuce a irin waɗannan wurare ba a rubuta ta ba, babu na'urar da za ta koma baya ta auno ta, kuma waɗanda suka rage da ikon rubutawa su ne mazauna wurin.