Me Ya Huda Fiffiken Columbia?

Safiyar 1 ga Fabrairun 2003, kumbon Columbia na Amurka yana kan hanyar sauka a Florida bayan kwana 16 a sararin samaniya, ɗauke da 'yan sama jannati bakwai. Shi ne ya buɗe wa NASA shirin kumbo mai zuwa ya dawo a sake amfani da shi, tun 12 ga Afrilun 1981, kuma wannan ce tafiyarsa ta 28. A ɗakin kula da tafiyar a Houston, na'urorin auna zafi huɗu suka ɗauke kusan lokaci guda. Can sai na auna iskar tayoyi su ma suka yi shiru. Kwamanda Rick Husband ya fara magana, muryarsa ta yanke a tsakiyar kalma. Saura minti 16 a sauka, kumbon ya tarwatse a saman jihar Texas, ba wanda ya tsira.

Bakin zaren farko shi ne, duk na'urorin da suka mutu a fiffiken hagu suke. To me ya sami fiffiken hagu?

Akwai abin zargi tun kafin hatsarin. Washegarin tashi, injiniyoyi sun ga hoton bidiyo na wani guntun soso ya ɓalle daga babban tankin mai, daƙiƙa 82 da barin ƙasa, ya bugi wannan fiffiken ya watse. Soson nan shi ake lulluɓe tankin da shi don kada ƙanƙara ta taru a jikinsa. Girman guntun bai wuce jakar hannu ba, nauyinsa bai cika kilo ɗaya ba. Shi ya sa kwanaki kaɗan bayan hatsarin manajan shirin, Ron Dittemore, ya shaida wa 'yan jarida cewa hankali bai ɗauki soso a matsayin sanadi ba.

Kwamitin bincike ƙarƙashin Admiral Harold Gehman bai tsaya kan zato ba. Dubban mutane suka bazama dazuzzukan Texas da Louisiana, suka tsinto gutsattsari sama da 84,000, kusan kashi 38 cikin ɗari na nauyin kumbon. Aka shimfiɗa su a wata rumfa a cibiyar Kennedy, kowanne a gurbinsa. Gaban fiffiken an yi shi da faifan kabon masu jure zafi, jere da lambobi. Gutsattsarin faifai na 8 da na 9 na hagu sun zaizaye har bakinsu ya yi kaifi, ga narkakken ƙarfe ya daskare a jikinsu ta ciki. Ma'ana, iska mai tsananin zafi ta shiga fiffiken, ta narkar da ƙashin alminiyam da ke riƙe da shi.

Ranar 19 ga Maris aka tsinci na'urar naɗar bayanai kusa da garin Hemphill, kaset ɗinta bai lalace ba. Ta nuna zafi ya fara hauhawa a bayan faifan nan tun kafin Houston ta ga wata alama. Ashe kumbon da raminsa ya shigo iskar duniya. Da aka koma kan tsofaffin bayanan rada na sojan sama, sai ga wani ɗan abu ya rabu da Columbia a rana ta biyu ta tafiyar, kuma gwaji ya nuna ya fi kama da ɓallin faifan.

Saura hujja ɗaya: soso zai iya fasa kabon? Ranar 7 ga Yuli, a San Antonio, aka ɗora faifai na 8 da aka ciro daga kumbon Atlantis, aka harba masa guntun soso da bindigar iska a gudun kusan kilomita 800 cikin awa, irin gudun da na ainihin ya yi. Nan take rami ya buɗe, faɗinsa wajen santimita 40. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido. An tsaya kallon nauyinsa, an manta da gudunsa.

Abin da ya fi ci mini rai yana cikin rahoton da ya fito a watan Agusta. Soso ya sha ɓallewa a tafiye-tafiyen baya, har a ta Atlantis a Oktoban 2002, kuma da yake ana dawowa lafiya sai aka saba da shi. Tun Columbia na sama injiniyoyi suka nemi a ɗauki hoton fiffiken da tauraron ɗan'adam na soja, manyansu suka soke buƙatar. Kwamitin ya ce da an ga ramin da wuri, aika Atlantis ceto abu ne mai wuya amma mai yiwuwa. Ya kuma ce irin wannan sabon da haɗari ne ya halaka kumbon Challenger da mutum bakwai a 1986.

Da kumbon Discovery ya sake tashi a Yulin 2005, sai da aka bi gaban fikafikansa da kyamara a sama, kuma haka aka riƙa yi har Atlantis ya rufe shirin a Yulin 2011, a tafiyar shirin ta 135.