Ɗaukar Naƙasassu Aiki: Jagora ga Shugabannin Ma'aikatu da Kamfanoni

A ranar 23 ga watan Janairu, 2019, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan Dokar Hana Nuna Bambanci ga Naƙasassu ta 2018. Tun daga wannan rana, ɗaukar makaho ko kurma ko gurgu aiki ya tashi daga matsayin alfarma da mai kamfani yake yi in ya ga dama, ya koma hakki wanda naƙasasshe yake iya nema a gaban kotu. An shirya wannan bayani ne domin shugabannin ma'aikatun gwamnati, da manajojin kamfanoni, da masu ƙananan masana'antu, su san abin da doka ta ɗora musu, da kuma hanyar cika shi ba tare da aiki ya gurgunce ko kuɗi ya salwanta ba.

Abin da Doka Ta Tanada

Sashe na 28 na dokar ya ba naƙasasshe damar neman aiki da riƙe shi daidai da kowa. Kamfanin da ya tauye wa mutum wannan hakki, in laifin ya tabbata, zai biya shi diyyar da ba ta gaza Naira 500,000 ba, sa'an nan babban jami'in kamfanin da yake da hannu a ciki zai biya Naira 50,000. Sashe na 29 kuma ya umurci ma'aikatun gwamnati su yi iyakar ƙoƙarinsu naƙasassu su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Wannan kaso bai hau kan kamfanoni masu zaman kansu ba, amma hanin nuna bambanci ya hau kan kowa. Har wa yau dokar ta ba da wa'adin shekara biyar domin a gyara gine-ginen da jama'a suke shiga yadda naƙasassu za su iya amfani da su, wa'adin kuwa ya cika a watan Janairu, 2024. Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ita ke lura da yadda ake bin dokar, tana kuma karɓar ƙorafi.

A Dubi Aikin Kafin a Dubi Mutumin

Yawancin zaluncin da ake yi wa naƙasassu wajen neman aiki, ido ne yake yanke shi tun kafin baki ya yi tambaya. Da zarar mai neman aiki ya shigo bisa keken guragu, ko da sanda a hannu, sai masu ganawa su rufe takardunsa a zuci. Maganin wannan shi ne, tun kafin a ba da sanarwa, a zauna a rubuta ainihin abin da aikin yake bukata. Akanta yana bukatar sanin lissafi da riƙon amana. Hawan matakala ba ya cikin aikinsa. Mai amsa wayar kamfani yana bukatar ji da iya magana, makaho kuwa yana da duka biyun. Tela, da kafinta, da mai shigar da bayanai cikin kwamfuta, suna iya gama yini ba su bukaci kunne ba. Akwai ayyukan da wata naƙasa take hanawa, kamar tuƙin mota ga wanda ba ya gani, ba kuma wanda ya ce a ɗauke shi direba. Amma sharaɗin nan da aka saba liƙawa a ƙasan kowace sanarwa, cewa sai "mai cikakkiyar lafiyar jiki", ya kamata a daina rubuta shi sai inda aikin kansa ya wajabta.

Sanarwar ma a fitar da ita ta hanya fiye da ɗaya. Wadda aka karanta a rediyo kaɗai ba ta isa ga kurma ba, wadda aka manna a allo kaɗai ta wuce makaho. Yana da amfani a aika da ita ga ƙungiyoyin naƙasassu na jiha, da makarantu irin su Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo da Makarantar Makafi ta Gindiri a Jihar Filato.

Ranar ganawa, a zaɓi ɗaki a ƙasan bene. Kurma a samo masa tafinta mai maganar hannu, ko a yi masa tambayoyin a rubuce. Makaho a karanta masa jarrabawar, ko a ba shi kwamfuta mai karanta rubutu da murya, a kuma ƙara masa lokaci. Tambayar da ta dace ita ce, "Yaya za ka gudanar da wannan aiki, me kuma kake bukata?" Yadda aka yi ya sami naƙasar ba ya cikin abin da aka taru a kai.

Gyaran Wurin Aiki

Nan ne masu kamfanoni suka fi jin tsoro, domin suna zaton sai an rushe gini. Galibi abin bai kai haka ba, kuma ma'aikacin shi ya fi kowa sanin abin da zai ishe shi, saboda haka a tambaye shi kafin a sayi kome. Mai keken guragu yana bukatar gangaren siminti a bakin ƙofa, wanda kada tsayinsa ya gaza ninki 12 na tudun da za a hau. Watau dakali mai tudun santimita 15 yana bukatar gangare mai tsawon santimita 180. Wanda ya fi wannan tsayuwa yana da wuyar hawa ga mai keken guragu shi kaɗai. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90, har da ta makewayi, wadda ita aka fi mantawa da ita. In ofishinsa yana saman bene, babu kuma na'urar hawa, sai a sauko da teburinsa ƙasa.

Makaho yana aiki da kwamfuta ta hanyar manhaja mai karanta abin da ke kan allo, akwai kuma irinta mai suna NVDA da ake samu kyauta. Abin da yake nema ga abokan aiki shi ne kada a riƙa sauya wa kujeru wuri ba a gaya masa ba, kada kuma a bar ƙofa rabi a buɗe. Kurma a fuskance shi in ana magana, a rubuta masa abin da aka zartar a taro, a haɗa ƙararrawar gobara da fitila mai walƙiya. Zabiya a raba shi da aikin tsakar rana, domin rana tana cutar da fatarsa da idonsa.

Akwai camfi biyu da suka hana mutane da yawa abinci. Na farko game da kuturta ne. Ƙwayar cuta ce take kawo ta, ana warkar da ita da magani cikin wata 6 zuwa 12, kuma wanda ya fara shan maganin ya daina yaɗa ta. Yatsun da suka gutsure tabo ne na ciwon da ya riga ya wuce. Na biyu game da farfaɗiya ne, wadda ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. In ta kama ma'aikaci, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa kome a baki. In ta wuce minti 5 a kai shi asibiti. Wanda ciwonsa bai lafa ba tukuna, kada a sa shi aiki a kan tsani, ko kusa da wuta da ruwa mai zurfi.

Bayan an Ɗauke Shi

Wasu ma'aikatu sukan sa sunan naƙasasshe a takardar albashi, sa'an nan su ce masa ya zauna gida, ya zo ƙarshen wata. Masu yin haka suna ganin tausayi suka yi, alhali kuwa sun mai da ma'aikaci almajiri, sun kuma rufe masa ƙofar ƙwarewa da ƙarin girma. A ba shi aiki na gaske, da albashi daidai da na takwarorinsa, a tura shi kwas in lokacinsa ya zo. In ya yi makara ko sakaci, a ba shi takardar gargaɗi kamar kowa. A kuma hori sauran ma'aikata su kira shi da sunansa, su nemi izininsa kafin su tura kekensa ko su kama hannunsa.

Ma'aikacin da ya naƙasa a bakin aiki, kamar wanda inji ya cire wa hannu, yana da hakki ƙarƙashin Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin wata a asusun NSITF. Daga nan ake biyansa diyya da kuɗin magani. Kafin a yi maganar sallama, a duba ko zai iya komawa kan aikinsa bayan an yi ɗan gyara, ko a mai da shi wani sashe, kamar sito ko horar da sababbin ma'aikata, inda sanin da ya tara na shekaru zai ci gaba da amfanin kamfanin.