Dukiyar Jama'a a Hannun Wakilai: Riƙon Kamfani da Awon Bukatu, da Misali daga Ƙasar Zuru

1. Gabatarwa

Ƙasar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta ƙunshi sarautu biyar, watau Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. A zamanin Turawa tana cikin Lardin Neja, a 1976 aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, kana a 1991 ta faɗo cikin Kebbi. Mutanenta manoma ne na dawa da gero da masara da shinkafa, an kuma san su da aikin soja tun da daɗewa. A dā dukiyar magidanci tana inda idonsa yake ganinta, ko a rumbu ko a turke. Yau kuwa kuɗin sallamar tsohon soja, da abin da malamin makaranta ya tara, da kuɗin amfanin gonar ƙungiya, galibi suna hannun waɗansu mutane ne da mai dukiyar bai taɓa gani ba. Wannan takarda za ta bayyana abu biyu: yadda ake tsare dukiyar da aka danƙa wa wakili, da yadda wakilin yake yanke shawara in bukatu da dama suka yi karo da juna.

2. Mai dukiya da mai juya ta

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Wanda ya ba da shanunsa kiwo, da attajirin da ya ba yaronsa jari ya tafi fatauci, duk sun san zullumin da ke ciki. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan ciniki ƙiradi, watau ɗaya ya kawo kuɗi ɗaya ya kawo wahala, su raba riba bisa sharaɗin da suka ƙulla. Alhasan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya gina cinikinsa na goro da gyaɗa ne a kan wakilai masu yawa da yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka saye. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne sanayya: ubangida ya san yaronsa, ya san gidansu, yaron kuma ya san in ya ci amana ba shi da sauran fuska a gari. Haka kuma a wurin Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, al'adar golmo takan sa saurayi da 'yan'uwansa samari su yi shekaru suna noma wa surukinsa, alkawarin kuwa yana tsayawa ne domin gari duka shaida ne.

Kamfani na zamani ya fi ƙarfin sanayya. Mutum dubu ɗari suna iya haɗa jari, kowa da rabonsa, wanda ake kira hannun jari. Ba su iya taruwa kullum, saboda haka sai su zaɓi darektoci, darektoci kuma su naɗa manaja da ma'aikatansa. Tun a 1776 Adam Smith, masanin tattalin arziki na ƙasar Sikotilan, ya yi kashedi cewa mai kula da kuɗin wani ba zai tsare shi kamar nasa ba. A 1932 waɗansu Amurkawa biyu, Berle da Means, suka nuna cewa a manyan kamfanonin ƙasarsu mallaka ta rabu da iko: masu jari sun yi yawa sun warwatse, manajoji su ke juya kome. Dokoki da al'adun da aka tsara domin maye gurbin sanayyar nan su ake nufi da riƙon kamfani.

3. Kasuwar hannun jari da abin da ya auku a Nijeriya

An kafa kasuwar hannun jari a Ikko a 1960, ta fara ciniki a 1961, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, a Kano kuma a 1989. Amfaninta shi ne mai hannun jari ya sami inda zai sayar in bukata ta taso, farashin kuma ya zama kamar ma'aunin yadda jama'a suke ganin riƙon kamfanin.

A watan Yuli 2004 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Charles Soludo, ya umurci kowane banki ya ɗaga jarinsa daga Naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Bank of the North, wanda ya daɗe yana hidima a garuruwan Arewa, ya narke tare da waɗansu takwas cikin Unity Bank a farkon 2006. Domin cika jarin, bankuna suka bazama sayar da hannun jari ga talakawa, ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa suka saya daga kowane lungu na ƙasa. Farashi ya yi ta hawa har watan Maris 2008, sa'ad da ma'aunin kasuwar ya haura 66,000. Bayan shekara guda ya faɗo wajen 20,000.

Da Sanusi Lamido Sanusi ya karɓi Babban Banki a 2009 ya sa aka binciki littattafan bankuna. Ran 14 ga Agusta ya sauke shugabannin biyar, watau Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba musu Naira miliyan dubu 420. A Oktoba aka ƙara sauke na waɗansu uku, jimlar kuɗin ceto ta kai miliyan dubu 620. Binciken ya nuna an ba da bashi mai yawa ga masu sayen hannun jari, har da na bankin da ya ba da bashin, an kuma ba kamfanonin manya na cikin gida rance ba da jingina ta kirki ba. A laccar da ya yi a Jami'ar Bayero ta Kano a Fabrairu 2010, Sanusi ya lissafa rashin kyakkyawan riƙo cikin manyan dalilan ɓarnar. A Agusta 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB. Masu ajiya ba su yi hasara ba, amma masu hannun jari takardunsu suka zama banza.

4. Shingen da aka kafa

Ingila ta riga ta sha irin wannan, har kwamitin Cadbury ya fitar da rahotonsa a 1992, wanda ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Nijeriya ta fitar da ƙa'idar riƙon kamfani ta ƙasa a 2018, ta kuma sabunta dokar kamfanoni a 2020. Gindin abin da suka ƙunsa huɗu ne. Na fari, kada mutum ɗaya ya zama shugaban darektoci kuma manaja, gama ba a ba kura ajiyar nama. Na biyu, a sami darektoci 'yan ba-ruwanmu, waɗanda ba su cin albashin manaja. Na uku, mai binciken littattafan kuɗi ya zo daga waje, a kuma kafa kwamitin bincike wanda masu hannun jari suke da kujeru uku cikin biyar ɗinsa. Na huɗu, a karanta wa masu jari lissafi kowace shekara a taron da suke da ikon sauke darekta. Amma in ɓera yana da sata daddawa ma tana da wari: shingen nan ba ya amfani in masu jarin ba su karanta ba, ba su halarta ba.

5. Awon bukatu masu karo da juna

Ko da wakili amintacce ne, akwai sauran wuya. Ana son riba mai yawa, ana son tsira daga hasara, ana son kuɗi a hannu ran bukata, alhali taura biyu ba ta taunuwa. Masana lissafi sun tsara hanyoyin auna irin wannan. Vilfredo Pareto, mutumin Italiya da ya rasu a 1923, shi aka sa wa sunan ƙa'ida ta fari: duk shawarar da aka sami wata wadda ta fi ta a wani fanni, ba ta kuma kasa ta a kowane fanni ba, to, a jefar da ita. A 1952 Harry Markowitz ya nuna da lissafi cewa mai rarraba jarinsa cikin abubuwan da ba su faɗuwa tare yana rage haɗari fiye da yadda yake rage riba. Manomin Arewa ya san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa yake haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Binciken da David Norman ya yi daga Samaru a ƙauyukan Zariya, wajen ƙarshen shekarun 1960, ya tabbatar da cewa wannan haɗi yana biyan bukatar riba da ta tsaro gaba ɗaya. Daga baya Charnes da Cooper suka tsara hanyar jera buri bisa fifiko, Thomas Saaty kuma a shekarun 1970 ya tsara hanyar gwama bukatu biyu biyu domin a fitar da nauyin kowace.

Misali zai fi bayyana abin. A ƙaddara wata ƙungiyar manoma a Zuru ta tara dawa da kaka, tana da shawara huɗu. A ba kowace maki daga 1 zuwa 10 a kan riba, da aminci daga ƙwari da gobara da 'yan fashi, da samun kuɗi a hannu. Sayarwa nan take: 3, 9, 10. Ajiye duka har damina: 9, 4, 1. Sayar da rabi a ajiye rabi: 6, 7, 6. Ba wani ɗan kasuwa bashi ya biya da damina da ɗan ƙari: 5, 3, 1. Ta huɗun ta faɗi tun a ƙa'idar Pareto, gama ajiya ta fi ta riba da aminci, ba ta kuma kasa ta wajen kuɗi ba. Sauran ukun kuwa babu wadda ta kā da wata, sai an sa nauyi. In aka ba riba nauyi 5, aminci 3, kuɗi a hannu 2, aka ninka aka tara, sayarwa ta sami 62, ajiya 59, rabi da rabi 63. In kuwa aka ba riba 7, aminci 2, kuɗi 1, sai sayarwa ta sami 49, rabi da rabi 62, ajiya 72. Makin bai sake ba, amma shawarar ta juya.

A nan ne fannonin biyu suka haɗu. Lissafi yana tsince shawarar banza, yana kuma nuna abin da za a rasa in aka zaɓi wannan aka bar waccan, amma ba shi ke sa nauyi ba. Mutum ke sa shi. Manajan da ake ba lada bisa ribar shekara, wanda kuma in hasara ta zo ba aljihunsa za ta taɓa ba, lalle zai karkata ga 7, 2, 1. Gwauruwar da ke jiran kuɗin taki da na makarantar 'ya'ya za ta so akasin haka. Manomin Wasagu ko Sakaba, inda harin 'yan bindiga ya addabi ƙauyuka a shekarun baya-bayan nan, zai ɗaga nauyin aminci fiye da wanda ke cikin gari. Abin da ya sami bankuna kafin 2009 kusan haka ne: masu sa nauyi ba su ne masu ɗaukar hasara ba.

Hukuma ma ba ta tsira daga wannan ba. A Nuwamba 2015 aka buɗe shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, da burin ƙara abinci, da rage sayowa daga waje, da samar da aiki, da kuma dawo da bashin. Noman shinkafa ya ƙaru a jihar, amma biyan bashi ya zama abin jayayya, har bankin ya tsai da ba da sabon rance irin wannan a ƙarshen 2023. Inda buri ya yi yawa ba a jera su tun fari ba, kowa yakan auna nasara da wanda ya ga dama.

6. Sha'anin harshe

Rahoton shekara na kamfanoni da Ingilishi ake buga shi, cikin kalmomin da ko wanda ya gama sakandare yakan yi tuntuɓe da su. Mai jarin da ke jin Hausa ko C'lela kaɗai, haƙƙinsa na tambaya yana nan a doka, amma ba shi da bakin yin ta. Hausa kuwa ba ta rasa kayan aiki ba: jari, uwar kuɗi, riba, faɗuwa, jingina, lamuni, wakili, dillali, ma'aji, amana, duk kalmomin kasuwa ne da kowa ya sani. Abin da ya rage shi ne a daidaita su, a sa su cikin littattafan makaranta da na ƙungiyoyin gama kai.

Kafin hakan ta samu, duk wanda zai sa kuɗinsa a kamfani ko ƙungiya yana da tambaya uku da zai yi da harshensa: wa ke riƙe da kuɗin, wa ke binciken mai riƙon, wa kuma ya yanke abin da za a fifita in riba da aminci suka yi karo. In amsar ukun ta zama mutum ɗaya, gara dawar ta kwana a rumbu.